Kwana huɗu a ƙarƙashin hayaƙin Fatakwal

Shekaranjiya na dawo daga Fatakwal, kuma har yanzu farar rigar da na tafi da ita ba ta koma fara ba, duk da wanki biyu da ta sha. A hanyar zuwa wani jami'i ya tsare mu kusan awa guda bayan Lakwaja, yana zazzage jakunkuna yana daka wa dattawa tsawa, amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba.

Na sauka a Diobu, gidan wani aminin mahaifina, ɗan kasuwar albasa da ya daɗe a garin. Da na fito alwalar asuba sai na tarar da buta da murfin randa sun yi baƙi kamar kunkunniyar madafi. Na ce, "Baba, gobara aka yi a unguwar?" Ya ce, "A'a ɗana, tun ƙarshen 2016 muke ciki, ya lafa ya dawo." Ya bayyana mini cewa a cikin fadamun bakin teku ake fasa bututu a dafa ɗanyen mai a tankunan ƙarfe, sana'ar da suke kira kpofire, idan kuma jami'an tsaro suka kama wurin sai su banka masa wuta, hayaƙi ya hau kan hayaƙi. Mu a Kano muna kuka da ƙurar hunturu, amma ita ƙasa ce. Wannan kuwa ƙonannen mai ne yake shiga huhu. Kwana na yi ina jin tarin jikarsa ta bayan bango, abin ya hana ni barci.

A kasuwa an yi mini tayin kananzir da arahar da ta ba ni mamaki, Baba ya riƙe hannuna, ya ce irinsa ne yake fashewa a risho ya ƙone mata da yara.

Rana ta uku muka je Ogale a yankin Eleme, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a ruwan rijiya, ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutanen da ake haƙo arzikin ƙasa a ƙarƙashin gonakinsu sai sun sayi ruwan sha, wannan kuwa zalunci ne a wurina. Da dare na hango harshen wutar iskar gas da ake ƙonawa ya mayar da sama jawur, alhali doka ta hana hakan tun 1984.

Ta Inugu da Makurɗi muka dawo. Baba ya haɗa ni da busasshen kifi, ya ƙi karɓar ko kwabo. A Akwanga na fyace hanci, na ga har lokacin baƙi ne yake fita.