Katangar da na shafa a Altos de Chavón

Laraba da dare. Sha ɗaya ta gota, yara tun a mota suka yi barci sai kwaso su aka yi, Abban Ummi ma ya yi nisa, ni kuwa idona biyu. Ƙafafuna zugi suke yi, amma ba su suka hana ni runtsawa ba.

Yau muka ware don mu ɗan bar bakin teku. Kwananmu huɗu a Punta Cana, garin shaƙatawa a Jamhuriyar Dominika, daga ɗaki sai rairayi, daga rairayi sai ɗaki, har Sadik ya fara cewa ruwan ya ishe shi. Bas ta ɗauke mu bakwai da rabi. Tafiyar kamar ta awa guda ce zuwa Altos de Chavón da ke kusa da garin La Romana, gonakin rake dama da hagu iya ganinka. Ummi ta yi amai sau ɗaya. Hular Sadik na baro ta a kan gado.

Da muka sauka muka shiga, wallahi sai da na tsaya cak. Gari ne na dutse zalla a kan tudu, daɓen ƙasa dutse, bango dutse, ƙofofin katako masu kauri da ƙusoshin ƙarfe, furanni ja da ruwan hoda suna zubowa ta saman katanga. In ka leƙa ƙasa can nesa ga kogin Chavón kwance tsakanin tsaunuka, kore shar, ko motsi ba ka gani. Zafi kam ba a magana, tun goma na safe rigata ta manne mini a baya, amma murna ta sa ban damu ba.

A gefen cocin da ke tsakiyar dandalin na ja baya aka wuce ni. Na ɗora tafina a jikin bango. Dutsen da ɗumi, da kaushi, da 'yan ramuka kamar soso, wani wuri ya yi baƙi kamar ruwan sama ya shekara ɗari yana dukansa. Sai na kama tunanin hannun da ya ɗora shi, da matan da suka jingina a nan suna jiran mazajensu, da yaran da suka yi guje-guje a wannan lungu suka tsufa suka mutu. Har idona ya kawo ruwa. Na kira Ummi na ce, "Zo ki taɓa ki ji, wannan ya fi shekara ɗari huɗu." Ta zo ta ɗora ɗan hannunta kusa da nawa, ta yi shiru irin na girmamawa.

Ko minti biyu ba a yi ba jagoranmu ya ɗaga 'yar tutarsa ya tara mu, ya ce an fara ginin garin a 1976, aka gama a farkon shekarun 1980.

Bai ɓoye komai ba, da alfahari ma yake faɗa, kuma ashe a rubuce yake a takardar da aka ba mu a otal, ni ce ban duba ba. Wani attajiri, Charles Bluhdorn, shugaban kamfanin Gulf+Western wanda a lokacin ke riƙe da masana'antar sukari ta La Romana, shi ya sa aka yi. An fasa dutse za a fitar da hanya da gada a kan kogin, sai aka ga duwatsun sun yi yawa a zubar. Wani Ba'italiye mai suna Roberto Copa, wanda sana'arsa tsara wuraren ɗaukar fim ce, ya zana shi ya yi kama da ƙauyen bakin Bahar Rum na ƙarni na 16. Cocin da na shafa ma sunan waliyyin mutanen Poland aka sa masa, Stanislaus, don karrama Fafaroma John Paul na biyu, ɗan Poland, da ya zo ƙasar a 1979.

Ummi ta ɗago ta kalle ni. Ba ta ce komai ba, ta dai janye hannunta.

Abban Ummi ya matso yana murmushi ya ce, "Maman Ummi, ashe na girmi garin da shekara guda." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya rage murya ya tambaye ni lafiya. Na ce masa ji nake kamar an karɓi wani abu a hannuna. Ya ce me aka karɓa? Dutsen nan dutse ne na gaske, maginan ƙasar nan suka sassaƙa shi ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan rana da nake kuka da ita, maƙera suka buga ƙarfen, kafintoci suka fere ƙofofin. "Hannun da kike tunani yana nan, wataƙila ma mai shi yana raye, yana da jikoki a La Romana." Na ce na yarda, kuma har ga Allah na yarda, aikin ya yi kyau, ba na raina guminsu. Amma matan da na gani a raina suna jingine fa? Ba a taɓa yin su ba. Ba wanda aka haifa a lungun nan a ƙarni na 16, ba wanda ya mutu. Ya ce to abin da na ji ai nawa ne, ba wanda ya saka mini. Nan muka bar maganar don Sadik ya ruga wajen maɓuɓɓugar ruwa.

Na ɗauka wannan ne zai dame ni yau. Ashe da saura.

Bayan an zaga shagunan masu zane da masu tukwane, jagora ya nuna wata ƙofa ya ce gidan adana kayan tarihi ne, mai so ya leƙa, minti ashirin mu haɗu a dandali. Yawancin 'yan bas ɗinmu suka nufi wurin ɗaukar hoto. Ni sanyin na'ura na bi, Ummi ta biyo ni. Ciki shiru, ba kowa sai mu da wani dattijo. Kayan mutanen Taíno ne, waɗanda Kolumbus ya tarar a tsibirin da ya iso a 1492: gatura na dutse da aka goge sumul, tsakiyoyi, tukwane masu 'yan fuskoki a kunnuwansu, da wasu duwatsu masu kusurwa uku da suke kira semi, abin bautarsu. Akwai wata tukunya da aka harhaɗa ɓaraguzanta, gefe ɗaya babu. A bakinta an yi zane da wani abu mai tsini, layi-layi, kuma a wuri ɗaya layin ya ɗan karkace, kamar an kira mai yin ta waiga.

Ummi ta manna goshi a gilashi ta ce, "Mami, wannan ma sabo ne?" Na ce a'a, wannan na gaske ne. Ta ce, "Kin tabbata?" Wannan tambayar ta soke ni. Na nuna mata rubutun da ke ƙasa, muka karanta tare. Sai ta ce, "To ina masu shi?"

Na rasa ta inda zan fara. Da muka fito ta je da kanta ta tambayi jagora. Ya durƙusa daidai tsayinta, fara'ar nan ta aiki ta bar fuskarsa. Ya ce Sifaniyawa sun tilasta musu aikin haƙar zinariya da noma, yunwa da wahala suka kashe da yawa, cutar agana ta shigo a 1518 ta kwashe da yawa daga cikin waɗanda suka rage, cikin shekara hamsin al'ummar ta watse. Amma ya ce ba su ƙare ƙurmus ba, jininsu na jikin mutanen ƙasar, gurasar rogo da suke kira kasabe har yau ana ci, kuma kalmomi irin su kanoa (kwale-kwale) da hamaka (gadon lilo) daga bakinsu duniya ta ɗauka. Ya dafa ƙirjinsa da ya zo nan.

A nan lissafin ya haɗu mini, tsigar jikina ta tashi. Ƙarni na 16 da aka ƙawata da furanni a waje, wanda na tsaya ina yi wa hawaye, shi ne ƙarnin da aka gama da masu tukunyar nan. A wannan tsibirin, wataƙila a bakin wannan kogin. Na ba bangon da aka fara ginawa a 1976 zuciyata gaba ɗaya, su kuma na shiga wurinsu don in sha sanyi.

Sauran ranar sama-sama. Filin wasa mai matakalar dutse, mai cin mutum 5,000, wanda mawaƙin Amurka Frank Sinatra ya buɗe a 1982. Sadik ya sauka har ƙasa ya hau sau biyu, goshinsa ya yi ja saboda rashin hula. Wata amarya da ango ana ɗaukarsu hoto a ƙofar coci. Ruwan kwakwa. Hadari ya haɗo ya watse bai zubar ba.

A hanyar dawowa na ce wa Abban Ummi ina son mu je Santo Domingo, babban birnin ƙasar, kafin mu tafi, inda ginin ƙarni na 16 na ainihi yake, har da babban cocin da aka gama wajen 1540. Ya ce tafiyar ta fi ta yau nisa sosai, in tuna da aman Ummi, mu ga yadda Asabar za ta kasance. Ban ma san ko ganin na ainihin zai sauƙaƙa mini ko zai ƙara ba, tunda waɗanda suka sa aka gina shi Sifaniyawan nan ne dai.

Ɗazu na buɗe waya ina duba hotuna. Na bango da furanni da kogi sun fi sittin. Na tukunyar guda ɗaya ne, shi ma hasken gilashi ya cinye rabinsa, sai inuwar goshin Ummi a gefe. Na ja shi da yatsa ina neman wurin da layin ya karkace, bai fito ba.