Godiya ga waɗanda suka shigar mana da amfanin gona bana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau kwana 40 ke nan da na zamo daga kan rumbu ina gyaran jinka, ƙafar dama ta karye a ƙwauri. Jiya mai ɗori ya kwance karan, na dogara sanda har bakin zaure. Alhamdu lillahi.

Duk manomin yankinmu na Gumel ya san ba lokacin kwanciya ba ne. Ranar da abin ya faru, gero yana kwance a gona, mun girbe shi da kwana uku, ba a yanke zangarniya ko ɗaya ba. Geron da ke ƙasa kuwa ba ya jira: gara ta samu, ga ruwan ƙarshen damina da kan sauko ba sallama. Ina kwance a ɗaki, ciwon ƙafa daban, tunanin gona daban.

Ban aika wa kowa ba. Baffa ne ya yi magana a masallaci bayan Isha'i, wayewar garin Asabar sai ga matasan unguwa da wuƙaƙensu. Kafin La'asar an ɗaure dami 60, maƙwabcinmu ya sa amalankensa ya yi sawu biyar, na miƙa masa kuɗin dusar shanu ya ce kada in ɓata masa lada. Baffa ya ware dami 6 na zakka tun a gona, kamar yadda marigayi mahaifinmu yake yi, kafin a kai sauran rumbu. Rumbun ma wasu ne suka ƙarasa jinkar da ta kayar da ni. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa zuriyarku albarka.

Amma gayya rana ɗaya ce, kowa ya gani. Akwai aikin da ba a yi masa kiɗa, shi ne ya fi tsaya min a rai. Uwargida, sannu da ɗawainiya. Tun asuba ke ce shara, ke ce daka, ke ce ba awaki dusa, sannan ki dawo ki dama min kunun kanwa ki juya min ƙafa. Gwaggo, da shekarunki kika zauna cikin ƙaiƙayi kina shiƙa har idonki ya yi ja, an ce ki huta kin ce ba a haife ki da hutu ba. Ƙanena da ya bar sana'arsa a Kano ya zo kaɗe riɗi, na gode. Da an ƙara mako, da kwanson ya fashe ya zube a ƙasa, sai dai tururuwa ta gode mana. Shi ne ya kai buhu biyu kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da kuɗin aka biya magani. Sai ɗan autana, ɗan shekara 9, wanda kullum yake jan bijimai biyu zuwa rijiya, igiya ta fi shi tsawo. Ran nan na leƙa ta taga na ga yana yi musu faɗa da irin muryata.

Wanda awakinsa suka shiga mana gonar wake kuma, ya zo da kansa ya ba da haƙuri, magana ta wuce. Abin da ya rage, mata sun rore shi, yana cikin buhu mai leda saboda ƙwari, harawar kuma tana kan rumfa.

Masu zuwa dubiya da fura da nono, da wanda ya gasa min tumu ya aiko don kada kakar bana ta wuce ban ɗanɗana ba, duk ina sane. Wanda ban ambata ba ya yafe ni.

Dawa ce ta rage a gona, sai sanyi ya ɗan shigo. Mai ɗori ya hana ni ɗaukar kaya, amma yankan zangarniya ko a zaune ana yi. Duk mai gayya a unguwa, a sanar da ni.