Wata tara motata na ajiye a tsakar gida

Lokacin da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya fita ta wuce 600, sai na zauna na yi lissafi na ga albashina ba zai iya da Honda ta ba, Accord ce ta 2004 wadda ake kira EOD kuma duk wanda ya santa ya san bata wasa da mai. Na shigar da ita tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, na ja hanbirki na lulluɓa mata tampol na koma hawa Adaidaita. Wai ni nan dabara nayi, sai abubuwa sun lafa.

Da farko kullum da safe sai na tayar da ita tayi kamar minti biyar a silo in kashe, daga baya ya koma sati-sati, daga nan kuma shikenan na manta da ita, man ciki ma ko kwata bai kai ba.

Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah ta 2024 uwargida tace ita fa ba zata kwashi yara a motar haya zuwa ƙauye ba alhali ga mota a gida. Na yaye tampol na murɗa makulli, ko fitilar dashbod bata kawo ba. Na aro batirin maƙwabcina, kik na juyawa amma taƙi tashi, dole na kira bakanikena ina azumi ina gumi.

Yana buɗe bonet ya ja da baya ya toshe hanci, yace Alhaji ai ka samu 'yan haya. Ɓeraye ne suka yi gida cikin akwatin iya kilina, da ɓawon gyaɗa da yagaggun takardun makarantar yara, ashe ɗakin da muke ajiye buhun masara yana jikin inda na faka. Sun gwaigwaye wayoyin nozul guda biyu, sai da mai rewaya ya wuni akansu. Da aka gama wannan kuma sai man tankin, wallahi warinsa kamar tsohon fenti, ya canza kala yayi danƙo ya kashe fuwel famfo, ga ruwa ya kwanta a ƙasa saboda tankin da babu komai ciki iska ce ke cika shi, kuma ta ci damina guda a haka. Muka tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, muka sayo famfo da sabon batir, don tsohon an kai caji yaƙi riƙe wuta, batir idan ya daɗe a mace baya dawowa.

Abin da yafi bani haushi shine tayarwar safen nan da nake ganin kamar gata nake mata. Bakaniken yace ita ce ma ta fara cinye batirin, wutar da kik yake ja wajen tayarwa minti biyar a silo ba zai mayar da ita ba, kuma injin bai yi zafin da zai ƙone raɓar da ke taruwa cikin baƙin mai da salansa ba, kenan kullum ina ƙara mata ruwa ne ina rage mata wuta. Na yi shiru kawai, me zan ce.

Ta tashi dai daga ƙarshe, na saka giya taƙi motsawa, birkin baya ya manne saboda hanbirkin da na bari a ja wata tara, sai da aka cire tayoyin aka bubbuga. Da muka hau titi sitiyari na rawa, tayoyin sun sace iska sun kwanta ta gefe ɗaya, uku sun dawo daidai bayan mai faci ya buga iska anyi 'yar tafiya, ɗaya kam gefenta duk ya tsattsage sai canji. Tampol ɗin ma bai barni ba, ƙurar hunturu ta shiga ƙarƙashinsa iska na kaɗa shi yana goge fentin kamar sanfefa, kujeru kuma sunyi funfuna. Takardun mota duk sun ƙare, inshora da lasin shekara ɗaya suke ko mota ta fita ko bata fita ba. Da na haɗa abin da na kashe ya isa in sha mai na watanni, ban ma faɗawa uwargida jimillar ba har yau.

Har yanzu ba kullum nake hawanta ba, mai bai sauko ba ai. Amma duk Asabar ina fita da ita titin Zariya in yi kamar rabin awa sai injin yayi zafi sosai, in kunna AC in taka birki da kyau in dawo, kuma bana barin tanki ya sauka ƙasa da rabi. Idan tafiya zanyi ta fi sati biyu sai in sa sifana lamba 10 in kwance kan batir na nigatif, in ƙara wa tayoyi iska kaɗan, in barta a P in sa bulo a bayan taya maimakon hanbirki. Baƙin mai ko ba'a yi tafiya ba ina juye shi duk wata shida. Masarar na mayar da ita ɗakin baya, na kuma karɓo mage wajen ƙanwata.

Warin ɓeran ne dai har yau bai gama fita ba, duk sanda na kunna AC sai yara sun toshe hanci suna cewa Baba 'yan hayarka.