Masu Gadin Kufan Ayutaya

Saro kaya ne ya kai ni Bankok, sai ɗinkin da na bayar ya yi jinkirin kwana uku. Zaman masauki ya ishe ni, na hau jirgin ƙasa zuwa Ayutaya, tsohon babban birnin Siyam, wato Tailan ta yau, kimanin kilomita 80 arewa da Bankok. Daga tasha sai ka gangara bakin ruwa, ƙaramin jirgi ya ƙetarar da kai, domin garin tsibiri ne. Koguna uku, Cawo Faraya da Pa Sak da Lofburi, sun yi masa zobe.

Abinci na fara nema, kuma ban sha wahala ba, don Musulmi ba baƙi ba ne a garin. Tun farkon ƙarni na 17 wani Bafarishe, Shehu Ahmad mutumin Kum, ya zo fatauci har ya zama babba a fada, kabarinsa ma yana nan cikin gari. Alewar da Ayutaya ta yi suna da ita, roti sai mai, sana'ar Musulmi ce: sukari ake ja har ya koma kamar zaren auduga, a naɗe shi cikin waina siririya. A wata rumfar masu sayar da ita na haɗu da wani dattijo mai tuk-tuk, irin a-daidaita-sahun can, ya ba shekara sittin baya. Na yi masa sallama, ya amsa cikakkiya, muka shiga hira da ɗan Turancinsa da ɗan Larabcina. Lung nake ce masa, wato kawu, shi kuma yana ce mini Bang, yadda Musulmin can suke kiran ɗan'uwa.

"Bang, da rana bulo kawai za ka gani," in ji shi. "Ka bari mu yi magariba tukuna."

Haka aka yi. Ya ajiye tuk-tuk ɗinsa, ya ɗauki sanda saboda karnukan da ke kwana a kufai, muka taka da ƙafa. A wannan lokacin an rufe ƙofofi, ta bayan katanga ake bi. An kunna fitilu a gindin hasumiyoyi, jan bulon ya yi kamar garwashi, jemagu suna ta shawagi. An kafa birnin a 1350, ya yi shekara 417 yana mulki, sannan a watan Afrilu na 1767 rundunar Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, ta fasa shi bayan ta yi masa ƙawanya fiye da shekara guda. Suka cinna wuta, suka kora dubban mutane zuwa ƙasarsu. Mutanen Tailan suna kiran fatalwa fi, kuma wadda suka fi tsoro ita ce fi tai hong, kurwar wanda ya yi mutuwar fuju'a, ba a yi masa jana'iza ba. Lung ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce duk inda muka taka a tsibirin nan akwai irin wannan mamacin.

A hanya ya riƙa nuna mini abubuwa. Ga ɗan ƙaramin gida bisa ginshiƙi a ƙofar wani shago, an ajiye masa furanni da jar Fanta an tsoma tsinken sha, wai na iskan da ke riƙe da filin ne. Ga bishiya an ɗaura mata ƙyallaye masu launi, alamar akwai mai zama a ciki. Ya ambaci Nang Tani, macen da ke fitowa daga ayabar daji da koren tufafi idan wata ya cika, da Kirasu, kan mace da ke yawo cikin dare kayan ciki na reto. Waɗannan bai daɗe a kansu ba, ya ce ko'ina a ƙasar ana ba da labarinsu. Na Ayutaya daban suke.

A gaban Wat Racaburana, wani tsohon wurin bautar mabiya Buda, ya tsaya. A 1424 sarki ya mutu, 'ya'yansa biyu suka hau giwaye suka gwabza a kan sarauta, dukansu suka mutu a take. Ƙanensu, Cawo Sam Faraya, ya hau gado, ya gina wannan wuri a inda aka ƙone gawarwakinsu. A ƙarƙashin hasumiyar aka binne zinariya, ta kwanta sama da shekara 500, Bama ma ba su gano ta ba. Sai a 1957 ɓarayi suka haƙa suka shiga. An kama wasu, an ƙwato kaɗan, mafi yawa ya salwanta. Abin da ya tsira yana gidan tarihin da aka sa wa sunan wannan sarki, wanda aka buɗe a 1961. Lung ya rage murya. Ya ce tun yana yaro yake jin cewa a cikin waɗanda suka shiga ramin nan babu wanda ya gama lafiya, wani ya haukace, wani ya tsiyace. Sai ya juya ya nuna Wat Mahatat a ƙetaren titi, inda gumakan Buda suke zaune a jere babu kawuna. Ya ce baƙi suna ɗauka duk aikin Bama ne, alhali da yawa 'yan gida ne suka sare su, suka sayar wa masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje. Muryarsa ta yi rawa da ya faɗi haka. Musulmi ne, ba ya rusuna wa gunki, amma garinsu ne aka yi wa sata.

Daga nan muka koma muka ɗauki tuk-tuk, muka haye gada zuwa gabas, Wat Kudi Dawo. Can babu fitila, babu baƙo ko ɗaya. Hasumiyar ta karye, kanta yana kwance a ƙasa, ƙwari suna ta kuka a cikin ciyawa. Nan ne gidan Pu Som, tsohon da ke gadin dukiyar da aka binne. Labarin da kowa ya sani shi ne na Yarima Bira, jikan Sarki Mongkut, wanda ya yi suna a tseren motoci a Turai. An ce wajen 1960 ya samu izini ya zo da na'ura yana neman taska a nan, ya yi ta haƙa bai samu komai ba, har wata rana ya ga wani ƙaton mayaƙi tsaye babu kai. An ce tun daga ranar duk abin da ya sa hannu sai ya lalace. Ya rasu a 1985 a wata tashar jirgin ƙasa a Landan.

Tsigar jikina ta tashi, na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci. Na san wanda ya mutu ba ya dawowa, amma aljanu gaskiya ne, kuma mun taso ana hana mu ratsa kufai ko zama a gindin tsamiya da almuru. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan duk fatalwar da Lung ya danganta da garin nan mai gadi ce, kuma ɓarawo take bi. Sai badalar Kano ta faɗo mini, yadda na sha ganin ana kwasar ƙasarta da rana tsaka, babu ko labarin da zai sa hannun mutum ya yi sanyi. Abin ya sosa mini zuciya ƙwarai.

Na tambaye shi, "Lung, kai ka taɓa ganin mai gadin nan?"

Ya girgiza kai. Ya ce shekara da shekaru yana kawo mutane nan, bai taɓa ganin komai ba sai karnuka da macizai. Amma ya ce akwai baƙin da suke sa bulo a jaka su tafi da shi ƙasarsu, bayan wani lokaci sai a ga sun aiko da shi ta gidan waya suna roƙon a mayar.

Muna fitowa na yi tuntuɓe da wani guntun bulo da ya gangaro kan hanya. Lung ya haska shi da tocila, ya sunkuya ya ɗauka da hannu biyu, ya kaɗe masa ƙasa. Ya bi katangar da haske har ya ga gurbinsa, ya zaunar da shi, ya danna da tafin hannu.

"Mu je, Bang," in ji shi. "Isha'i ta yi."