Kwafi ɗaya, kansiloli cike da ɗaki

Jiya na raka kawuna zaman majalisar kansiloli a wata ƙaramar hukuma nan ƙasar Daura. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga asusunsu kai tsaye. To, ga kasafi a gaban kansiloli, amma kwafi ɗaya tal aka kawo, ana miƙa shi hannu-hannu kamar goro. Wani ya tambayi kuɗin rijiyar burtsatsen mazaɓarsa, ma'aji ya ce sai ya ji daga sama.

Na ce, "Kawu, wace sama kuma?"

Ya ce, "Katsina mana. Ma'ajin nan, bawan Allah, tun yana ƙaramin akawu can yake kai fayil."