Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Zagin Larabawa

A makon jiya na tsaya inda rijiyar gonar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki a Saudiyya, ta fara jawo ruwa mai gishiri, shi kuma ya shiga sallamar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. 'Yan Bangaladesh suka tafi, Bamisiren da ke kula da injin ban ruwa ya bi bayansu. Aka bar ni da wani yaro ɗan Damagaram, da dawaki huɗu da babu wanda ya san abin da za a yi da su.

Wanda bai san Kharj ba, gari ne kudu maso gabas da Riyad, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, kuma a yankin ne manyan gonakin madara irin su Almarai suke. Lokacin da na zo, in ka hau tudu ba abin da za ka gani sai da'irori na alkama da barsim, wato ciyawar dabbobi, kore shar, ƙarfen ban ruwa yana zagaye su dare da rana. Ruwan kuwa daga can ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi, kuma ƙasar da ba a ruwan kirki ba ta mayar da abin da aka ɗiba. A 2008 gwamnati ta ce za ta riƙa rage sayen alkamar gida shekara bayan shekara, zuwa 2016 ta daina. Ƙarshen 2018 aka hana manyan gonaki noman ciyawar dabbobi. Barsim ɗin da muke yanka a bayan ɗakin kwananmu, sai ga shi tirela na kawo shi a ɗaure daga waje, har da na Sudan ɗinmu. Abin da ya rage wa dattijon shi ne dabino, da layin itatuwan asal da aka dasa don tare iska, da fili fetal.

Ɗansa ne ya kawo shawarar. A 2019 aka buɗe bizar yawon buɗe ido, mutanen Riyad kuma suka fara neman inda za su kai iyali ranar Juma'a da Asabar. Ya ɗauki hoton dawakin ya sa a Instagram da Snapchat, ya ce duk wanda bai taɓa hawa ba ya zo, akwai mai koya masa, akwai mai shige masa gaba a cikin gona. Bai tambaye ni ba kafin ya rubuta. Da yamma ya zo ya ce, "Ya ammi, ai kai ka iya." Na ce na iya.

Ba a nan na koya ba. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, har gobe ma'aikacin gona aka rubuta a jiki. A garinmu Mai Wurno na Sudan na koya, a bayan gidan Baffa, ina ɗan shekara tara da kwandon kwasar kashi a hannu.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: "Mai hawa baƙo ne, doki na mai ba shi dusa ne." Yakan faɗe ta ranar Sallah idan samari sun taru suna roƙon a ba su dokinsa Kili su zaga gari. Yakan faɗe ta idan Yaya ya yi sukuwa ya dawo da dokin jiƙe da gumi, ya jefa mini linzami ya shige gida. A lokacin na ɗauka lallashina yake yi don kada in yi fushi. Ni ne ɗan ƙanensa, maraya, shi kuwa Yaya ɗansa ne na cikinsa, babba kuma.

Yakan ce kakansa ya baro ƙasar Hausa a kan doki, cikin mutanen da suka biyo Mai Wurno, wanda garinmu ya ci sunansa, bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, amma a ƙasa ya iso bakin kogin Bahar Azrak. Shi ya sa gidanmu bai taɓa zama babu turke ba, ko da tukunya ba ta hau wuta ba. Na ga wannan da idona a 1984, shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, har aka riƙa raba dawar Amurka da mutane suka sa wa suna Rigan, sunan shugaban Amurka na lokacin. Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dushe, wai yara na kwana da yunwa ana ciyar da dabba. Baffa bai tanka mata ba. Ni yake tasa da asuba mu bi bakin kogi muna yankar ciyawa, mu roƙi harawa a gonakin mutane. Da damina kuwa, kullum magariba sai na hura hayaƙi a barga saboda ƙananan ƙwarin da ke kawo ciwon da ke kashe doki cikin 'yan kwanaki. Yaya yana ina? Yana bakin kasuwa.

Kafin a yi sadakar arba'in ɗin Baffa ya sayar da Kili. Wani mai karo, wato amalanke, daga garin Sinnar ya saya. Da kuɗin ya sayi keke da rediyo mai kaset. Babu wanda ya shawarce ni, ai ba ni da gado a ciki, wannan na sani, malamai ma sun faɗa mini. Daga baya na ga dokin a kasuwar Sinnar yana jan buhunan albasa, kafaɗarsa duk gyambo. Na kira shi da fito irin wanda nake masa in zan ba shi dusa, ya ɗago kai. Mai karon ya zabga masa bulala suka wuce.

To, mu koma Kharj.

Aikin daga Oktoba ne zuwa Maris. Da bazara zafi yakan wuce 45, ba doki ba mutum. Bayan la'asar muke fita. Kafin kowa ya taɓa sirdi sai na tara su a gefen barga na duba ƙafafunsu: mai silifa ba zai hau ba, ko ɗan waye. Kowa sai ya sa hular kwano. Mata su sa wando a ƙarƙashin abaya, su tattare ta kada ta riƙa kaɗawa a cinyar doki. Sannan in nuna musu inda ba a tsayawa. Doki yana ganin gefensa sosai, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa, kuma abin da bai gani ba harbinsa yake yi. In ya kwantar da kunnuwa baya, a ja jiki.

Majayi sau biyu nake ɗaure shi. Doki yakan kumbura ciki in ya ji ana ja, sai an ɗan taka da shi ya saki, a ƙara matsewa. Yaron Damagaram ya sha faɗa a kan wannan kafin ya riƙe. Tsawon likkafa kuma da hannun mai hawa nake aunawa, daga yatsu zuwa hammata. Ta hagu ake hawa. Gaban tafin ƙafa kaɗai ke shiga likkafa, diddige ya yi ƙasa, don in an faɗi kada ƙafa ta maƙale doki ya ja mutum. Linzaminmu na gida mai zobe, wanda ke matse haɓa, ban taɓa sa shi a hannun sabon shiga ba. Mai tsoro da linzami yake riƙe kansa, zai yaga bakin dabba bai sani ba. Mai laushi nake sa musu, mai gaɓa a tsakiya.

Duk wannan ana iya koyon sa a mako guda. Abin da ba ya koyuwa da wuri shi ne sanin wane doki za a ba wane mutum. Ina kallonsu tun daga inda suka ajiye mota. Wanda ya yi shiru yana haɗiyar yawu, wannan ba ya ba ni tsoro, zai ji magana. Bidi nake ba shi, tsohuwar goɗiya da ko gurneti aka fasa ba za ta canza taku ba. Mai surutu, mai cewa ya taɓa hawa a bakin teku, shi nake sa wa ido. Ina sa shi daf da bayana inda hannuna zai kai ga ragamarsa.

Muna fita ta cikin dabino, mu bi layin asal, mu ratsa tsohuwar da'irar alkama inda ƙarfen ban ruwa yake tsaye ya yi tsatsa. A nan ƙasa ke da laushi, a nan kuma ramukan dabbu suke, wato babban ƙadangaren nan da Larabawa ke ci, kuma kofato in ya faɗa ciki ana gudu, karaya ce. Saboda haka tafiya kawai, layi ɗaya, tsawon doki guda tsakanin kowa da na gabansa. Daga nan mu gangara kwari mai magarya da ƙaya. In ana gangara a ɗan kwanta baya, in ana hawa a sunkuya gaba, a kama geza in ana so, ba ya jin zafi. Sabon mahayi yakan zauna kamar buhun gero, duk nauyinsa a gefe ɗaya, sai na riƙa waiwaye ina cewa a gyara. Abin da ya fi ba ni wahala ba maciji ba ne, leda ce da iska ta ɗauko, da raƙuman makwabta in sun leƙo ta kan shinge, da waya. Mutum ya saki linzami da hannu biyu yana ɗaukar kansa hoto! Yanzu na ce a ba ni wayoyin, ni zan ɗauka a kan tudu. Awa guda muke yi. Komawa gida kuwa dole da taku, domin doki in ya fuskanci barga sauri yake so, kuma wanda ya bar shi ya saba da haka ya lalata shi.

Akwai wani Bakano da ya zo da abokan aikinsa daga wani asibiti a Riyad. Da ya ji ina yi wa yaron Damagaram Hausa sai ya rungume ni, daga nan kuma ya shiga ba da labarin Hawan Daushe, wai tun yana yaro yake hawa a tawagar hakiminsu. Dokin mai baki ya fi gudu. Na ce, "Alhaji, a Daushe wa ke riƙe maka ragama?" Ya yi dariya bai amsa ba. Ya nace sai Akawal. Na ba shi, amma na ɗaura igiya ta biyu na riƙe a hannuna, yana ta ƙorafin na kunyata shi a gaban Filifinawa. A bakin kwari kare ya fito daga cikin ƙaya, Akawal ya yi tutsu, Alhaji ya saki komai ya rungume wuyan doki yana salati. Igiyar nan ce ta hana a kwashe shi a motar asibitinsu. Mutumin kirki ne, har yanzu yana zuwa, ya kuma iya hawa yanzu. Shi ke kawo mini yaji da kuka in ya je gida.

Waɗanda suka fi shiga raina Hausawan Makka ne. Wata rana wani saurayi mai aiki a Riyad ya zo da 'ya'yansa da kakarsu. Shi Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Tsohuwar tana zaune a kan kujera a inuwa, ta ji na ce wa yarinyar ta riƙe linzami, sai ta ce, "Ɗan nan, kai na ina ne?" Na ce Mai Wurno, Hajiya. Ta ce mahaifinta ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin ƙetarawa ta Sawakin. Ta sa na kawo mata Bidi har gabanta, ta shafa goshinta, ta yi mini addu'ar da tun rasuwar Inna ban ji irinta ba. Ban karɓi kuɗinsu ba ranar, ɗan kafili ya cire a albashina.

A 2022 na je gida hutu. Muna zaune a ƙofar gidan Baffa bayan isha'i, yara suna kallon bidiyon aikina a waya, sai Yaya ya karɓa ya duba, ya ce a gaban mutane, "Ashe jikan mahaya ya koma zagin Larabawa." Aka yi dariya. Ban ce komai ba, yayana ne. Amma turken da muke zaune kusa da shi, akuya ce ɗaure a jiki. Mai hawa baƙo ne. Da Baffa na raye da shi zai amsa masa, ba ni ba.

Shekara ba ta cika ba yaƙi ya tashi a Sudan, Afrilun 2023. Madani ta faɗi a Disamba, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, mutanenmu suka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala. Ba zan yi wasa da wannan ba, akwai waɗanda har yau ba mu san inda suke ba. Yaya da iyalinsa goma sha ɗaya suna Gadarif a ɗaki biyu. Duk ƙarshen wata ina tura masa kuɗi ta manhajar Bankak, kuma zan ci gaba da turawa, don 'ya'yansa 'ya'yana ne, don Baffa kuma. Amma ranar Talatar nan da ya bugo, bayan godiya, sai ya ce ko zan nema wa babban ɗansa biza, ya zo in koya masa aikin dawaki, tunda abin na gidanmu ne, a jininmu yake. A jininmu! Na ce, "Yaya, in ya zo, da kwandon kashi zai fara, shekara guda ba zai taka likkafa ba." Ya yi shiru. Ya ce ai yaron ya yi sakandare. Na ce ni ma da an bar ni da na yi.

Maman yara ta ce na cika riƙo, abin da ya wuce shekara talatin. Ita ba ta ga kafaɗar Kili ba. Na dai yi wa kafili maganar yaron, ya ce a bari sanyi ya shigo a ga yawan baƙi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin daren da Bidi ta yi ciwon ciki saboda yashin da ta haɗiya, da abin da ya shiga tsakanina da ɗan kafili a kan kuɗin likita. Shi ma ina da magana a kansa.