Godiya ga mutanen unguwa bayan kammala kallon Koh-Lanta

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, musamman 'yan unguwarmu ta Zango. Daren Talatar da ta wuce muka kalli zangon ƙarshe na Koh-Lanta a ƙofar gidanmu, kuma 'yan fada sun ɗora mini nauyin miƙa godiya. Wata uku da ɗoriya muna shimfiɗa tabarmi bayan isha'i, ba mu taɓa fashi ba, duk da zafin bazara da ɗaukewar wuta.

Ga wanda bai san shirin ba: tashar TF1 ta Faransa ke nuna shi tun 2001, sunan kuma na wani tsibiri ne a ƙasar Tailan. Ana kwasar mutane a zube su bakin teku kusan kwana arba'in, a raba su gida biyu, ja da rawaya, a ba su 'yar shinkafa, wuta ma sai sun murza itace sun haɗa da kansu. Ƙungiyar da ta faɗi a gasa sai ta zauna gaban mai gabatar da shirin, Denis Brogniart, da dare ta jefa ƙuri'a, wanda aka kora a kashe masa fitilarsa ya kama hanya. Mai nasara yana tafiya da yuro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa.

Godiya ta farko ga Baba, da ya bar mu muka fito da telensa waje, alhali da farko cewa ya yi ba zai zauna kallon ƙarti suna yawo ba riga ba. Sati na uku sai ga shi da kujerarsa, har yana tambaya ko an kori mai gemun nan. Allah ya ƙara girma, Baba.

Sai malamin lekol ɗin da ke haya a gidan kusa da masallaci. Malam, kai ne kunnenmu. Faransancin da ake yi cikin fushi da yunwa ba irin na aji ba ne, amma kana tsaye gefen tele kana juya mana shi Hausa, har da ƙarin gishirinka. Ranar da wata ta rantse wa ƙawarta ba za ta rubuta sunanta ba, ta shiga ta rubuta, cewa ka yi kawai: “To, ta ci amanar gishiri.” Har yanzu yara na faɗin haka a bakin famfo.

Inna kuwa ita ta fi kowa ba mu dariya. Da aka gaya mata kuɗin da ake ci, ta ajiye maficinta ta ce, yanzu don mutum ya kwana da yunwa ya ɗebo ruwa daga nesa ake ba shi miliyoyi? Ta ce a kawo su Damagaram cikin watan Afrilu su bi layin jarka tun asuba, a ga wanda zai kai sati. Ni dai ina ganin ta ɗan rage musu, don na ga yadda haƙarƙarinsu ya fito, kuma ba na jin akwai ɗan fadarmu da zai iya ninƙaya rabin abin da suke yi. Amma ban musa mata ba. Mun gode da alkakin daren ƙarshe, Inna.

Daren nan ne ya so ya ba mu kunya. Mutum uku na tsaye kan sanduna a cikin teku, ana rage musu wurin taka ƙafa kaɗan-kaɗan, sai hadari ya taso daga gabas da jar ƙura, wuta ta tafi. Kawu tela ya rufe shagonsa, ya turo gurup ɗinsa a baro, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Da tele ta kama sai babu hoto, iska ta karkatar da parabol. Ƙanena ya hau soro da fitilar waya a baki yana juya shi, mu muna ƙasa muna ihun “dama, dama, tsaya nan!” Hoton ya dawo daidai lokacin da na biyu ya faɗa ruwa. Kawu, Allah ya buɗa kasuwa. Kai kuma ƙane, kada ka sake hawa soro cikin hadari, Baba bai huce ba tukuna.

Mun gode wa duk wanda ya riƙa ba da dala arba'in ɗinsa kowane sati don biyan Canal+ da sukarin shayi, da mai shayinmu da bai taɓa ganin farkon shiri ba saboda yana fama da gawayi. Maƙwabtan da muka hana barci, ku yafe mana.

Jika biyu da rabi suka rage a asusu, suna hannun ma'aji. Bencin masallaci biyu mun mayar. Akwai kuma takalmin yaro ƙafa ɗaya, shuɗi, da aka bari ƙarƙashin tabarma; mai shi ya zo zaure ya karɓa.